Dodo Ba Ya Shan Ruwa da Rana

Alluna uku ne a jingine bayan ƙofar dandamalinmu, duk ranar da aka fasa wasa sai a zaɓi ɗaya a kai bakin ƙofar shiga. Na farko ya ce an soke wasa saboda ruwan sama. Na biyu ya ce saboda matsalar na'ura. Na uku ya ce saboda dalilin da ya fi ƙarfinmu. Shekarata ashirin da biyu ina aiki a lambun shaƙatawar nan na hanyar Sattahip, kuma na ruwan saman ne kaɗai na san yana faɗin gaskiya, shi ma don mutane suna da ido ne. Matsalar na'ura sau da yawa 'yan rawa biyu ne suka dambace a kan budurwa. Dalilin da ya fi ƙarfinmu kuwa, 'yan kallo ne ba su kai talatin ba, manaja ya ga ba zai kunna fitilu dominsu ba.

Ranar da ƙanena Thawin ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar wasa, ba a fito da allo ko ɗaya ba. Manajanmu, Khun Phairot, shi ya ɗauki makirufo da kansa, ya gaya wa mutum ɗari huɗu cewa ɗan wasan ya zo aiki a buge, lambu yana ba su haƙuri. Ina durƙushe a bayan labule da kan Thawin a cinyata na ji shi ta lasifika. Tun daga ranar na ƙullaci mutumin nan, kuma ban taɓa sassautawa ba.

Sunana Bunruan, 'yan rawa suna ce mini Goggo. Aikina ɗinke mutane a cikin kaya. Kayan rawar gargajiya irin tamu ba su da maɓalli, ba su da zif. Mutum yakan tsaya ne da safe ya buɗe hannuwa, mu naɗa masa yadi hawa-hawa, mu bi da allura mu ɗinke a jikinsa har ya zauna ɗas, ba inda ya tattare. Mai rawar biri yakan ci mini rabin awa. Dodo, da yake shi ne babba, awa ɗaya da rabi. Wasan namu ba mai wuyar ganewa ba ne: Dodon Tsibiri ya sace gangar da ke kiran ruwan sama, birai goma sha biyu su je su ƙwato ta. Thawin ya yi shekara goma sha tara yana Dodo, kuma kullum ni nake ɗinke shi.

Wanda aka ɗinke ba ya zuwa banɗaki, don ba ta inda zai buɗe. Saboda haka 'yan rawa ba sa shan ruwa daga wayewar gari har a farke su. Da can wannan ba wani abu ba ne. Wasa biyu ake yi, sha ɗaya da ƙarfe ɗaya, kafin biyu kowa ya fita daga kaya ya nufi randa. Sai aka kawo mana Khun Phairot daga wani katafaren kanti a Bangkok, inda ya ƙware wajen jera takalma. Ya zauna ya kalli wasanmu da agogo a hannu, ya datse shi daga minti arba'in da biyar zuwa ashirin, ya mai da shi sau huɗu a rana: sha ɗaya, ɗaya, uku, biyar. Ya buga doka ya manna a bangon ɗakin ɗinki da sa hannunsa, wai sau ɗaya ake ɗinkewa, sau ɗaya ake farkewa, don yawan farkewa yana cin yadi yana cin lokaci.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, mutanen nan fa ba sa shan ruwa."

Ya ce, "Wa ya hana su, Goggo?"

Na buɗe baki zan yi bayani, ya riga ya juya yana zuƙar shayinsa mai ƙanƙara. Ledar shayin nan ba ta rabuwa da ɗan yatsansa.

A watan Afrilu Thawin ya faɗi, a wasan ƙarfe uku, lokacin da kwalta ke manne wa takalmi. Na ɗauki babban almakashina na yanka kayan daga wuya har cinya don ya samu iska. Nas ɗin lambu ta duba shi, ta rubuta zafi ne da ƙishirwa, ta miƙa wa manaja takardar. Takardar ta shiga durowarsa ba ta sake fitowa ba, don in ta fito za a tambayi wanda ya ƙara wasa zuwa huɗu. Kashegari aka sallami Thawin. Ni kuma aka karɓe almakashina aka jefa a durowar nan, aka manna doka ta biyu a ƙarƙashin ta farko, cewa ba mai yanka kayan rawa sai da izinin manaja.

Korar ba ita ta karya Thawin ba. Rabonsa da giya tun yana ɗan shekara ashirin, lokacin da ya aske kai ya yi wata uku a gidan ibada don ladan ya kai ga mahaifiyarmu. Amma mutum ɗari huɗu sun ji, rabinsu kuma da waya a hannu. Kafin mako ya zagayo maganar ta kai kunnen malaminsa, Khru Sawaeng, tsohon da ya fara kifa masa kan Dodo da hannunsa, wato sassaƙaƙƙen kan da ɗan rawa yake rufe fuska da shi. A wurin 'yan rawa kan nan ba hula ba ce, malaman da suka shuɗe ne suke zaune a ciki, wanda ya shiga a buge kuwa su ya taka. Da ranar gaida malamai ta zo a watan Mayu, Thawin ya je da furanni da kyandir kamar kowace shekara. A bakin ƙofa aka karɓi furannin aka ce ya koma gida. Makarantu biyun da yake koya wa yara rawa ran Asabar su ma suka ce ya dakata.

Ya ari babur, ya sa rigar 'yan acaɓa mai ruwan lemo, ya koma bakin layinmu yana jiran fasinja. Mutumin da in ya taka dandamali sau uku jarirai kan fashe da kuka, ga shi yana ciniki da matan kasuwa a kan bat biyar, 'yan canjin kuɗinmu.

Wata rana na kai masa shinkafa mai danƙo da kwaɗon gwanda, na ce, "Ni fa ban bar maganar nan ba."

"Yaya, ki bar shi. Abin da ya shuka shi zai girba."

"To ni zan taya shi ban ruwa."

"Ba aikin nake so ba," ya ce, yana kallon shinkafar. "Malam kawai nake so ya san ban yi ba."

Abin da na sa a gaba ke nan. Sai ƙanena ya shiga ƙofar malaminsa da kansa a sama, kuma sai bakin da ya ɓata masa suna ya gyara. Na yi shekara guda ina gaida Khun Phairot da murmushi, har ɗinkin wandonsa na gyara masa sau biyu.

Mai lambun wata tsohuwa ce, Ama Sui Hiang, shekararta tamanin da ɗaya. Sau ɗaya take zuwa a shekara, ranar huɗu ga Afrilu da marigayi mijinta ya buɗe lambun. Shi ma rawar Dodo ya yi kafin ya yi arziki, kuma kayansa suna nan a akwatin gilashi, saƙar zaren zinariya irin wadda masu yinta sun ƙare. Ranar kaɗai ake fito da su a ɗinka wa Dodo. Ama ba birai take zuwa kallo ba, kayan nan take zuwa ta gani suna motsi.

Wanda ya gaji Thawin wani dogon saurayi ne, Manop, da aka ɗauka don tsayinsa kawai, tunda manaja ya cire rawar Dodo gaba ɗaya bayan korar ƙanena. Abin da ya rage shi ne Dodo ya tsaya a kan keken yaƙi, ya taka ƙafa sau uku, birai su kewaye shi. Bana Manop ya cika ashirin da ɗaya, dole ya je garinsu a Buriram ya zari katin shiga soja, ja a tafi da kai, baƙi ka tsira, kuma ranar ta faɗo daidai huɗu ga wata. Ya rubuta takardar neman izini tun wata guda kafin nan, ya ba ni in miƙa ofis tunda hanyata ce. Na sa ta a ƙarƙashin akwatin zarena na ɗora akwatin a kai. Daga baya na fito da ita, ban bar shi da laifi ba.

Da ƙarfe takwas na safiyar ranar Khun Phairot ya shigo ɗakin ɗinki fuskarsa ba jini. Ba Dodo, Ama kuma tana hanya. Akwai yadda muke yi in wani ya rasa zuwa, birai su yi rawa da ganga su kaɗai a kira shi wasa, amma shi ma ya san yau wannan ba za ta fisshe shi ba.

Na ce, ina zura zare a allura, "Da Thawin yana nan."

"Kada ki kawo mini wannan maganar."

"Na bari, ranka ya daɗe. Ai ma yanzu ba rawa ba ce, tsayuwa ce. Kai da bakinka ka ce ko falwaya aka ɗinka wa kayan za ta iya." Na dube shi sama da ƙasa kamar yau na fara ganinsa. "Ashe ma kusan tsayinku ɗaya da mai gidan Ama. Ba ka ce ka taɓa rawa a makaranta ba?"

Ya taɓa faɗa, ya fi sau goma. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Na ga tunanin yana shiga kansa a hankali: Ama tana kallo, a ƙarshe Dodo ya cire kai, sai ga manaja da kansa ya ceci ranar.

Ya ce, "Fito da kayan."

Ya tsaya a tsakiyar ɗaki da singileti ya buɗe hannuwa, ledar shayi tana reto a yatsansa. Somchit, abokiyar aikina, ta kalli ledar ta buɗe baki. Na taka mata ƙafa.

"Yau ana zafi," na ce. "Somchit, leƙa taga wurin mai shayi ki karɓo wa manaja wata ledar, babba. Ni zan biya."

"Kin kyauta, Goggo," ya ce. "Ni ba zan yi wautar wasu ba, mutum ya ƙi shan ruwa ya zo ya faɗi a gaban jama'a."

Allurar ta tsaya a hannuna. Ashe ya sani sarai ƙishirwa ce ta kayar da Thawin, har ma ya manta cewa ƙarya ya yi. Birai goma sha biyu suna zaune a kan benci an gama ɗinke su, leɓunansu a bushe, duk sun ji. Suka bi leda ta biyu da ido tun daga taga har bakinsa, ba wanda ya gargaɗe shi.

Ɗinkinmu na kullum dogon taki ne, in ka kama bakin zaren ka ja, cikin minti goma sha biyar mutum ya fita. Akwai wani kuma da tsofaffi suka koya mini, wanda ake ƙulle kowane taki kafin a yi na gaba. Shi na yi masa, daga ƙugu har gwiwa, hawa huɗu. Ban taɓa yin ɗinki mai kyau irin na ranar ba. Da na gama ya ɗauki kan Dodo ta kunnuwa ko gaishe shi bai yi ba. Na nuna masa igiyar da ke ciki, wadda ake cizawa da haƙori don kada kan ya karkace, na ce in ya saki ta shi ke nan.

Wasan sha ɗaya ya tafi lafiya. Ya tsaya, ya taka sau uku, ya cire kai a ƙarshe, Ama ta ɗaga sandarta ta nuna shi tana gyaɗa kai. Ya dawo bayan labule gumi yana zuba, ya kafa kai a gorar ruwa ya shanye tas.

"Abin da kuke ta kuka a kai ke nan?" ya ce wa birai.

Sha biyu da kwata na ga ya daina zama. Sha biyu da minti ashirin ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Goggo, ɗan buɗe mini nan, yanzu zan dawo."

"Ba ya buɗuwa, ranka ya daɗe. Sau ɗaya ake ɗinkewa, sau ɗaya ake farkewa. Ga ta can a bango."

"Na janye dokar."

"Madalla. To farkewa awa ɗaya ne da rabi, don kayan mai gidan Ama sai da ɗinkin tsofaffi. Saura minti arba'in a fara. Ama kuma ta aiko, jikokinta sun makara ba su ga na farko ba, za ta zauna ta sake kallo da su."

"Kawo almakashi."

"Yana durowarka, shekara guda ke nan. In ka ba da izini sai in yanka. Amma kai za ka gaya mata." Na nuna masa allunan da ke jingine. "Ko a rataya ɗaya? Ga sama dai garau. Na'ura kuma ta gan ta da idonta tana aiki."

Ya kalli allunan ɗaya bayan ɗaya, ya kalle ni. A lokacin ne ya gane, na ga ganewar a idonsa. Ya tafi kusurwa ya tsaya ya harɗe ƙafafu.

Ban taɓa tsayawa kallon wasa har ƙarshe ba tun korar Thawin, amma na ƙarfe ɗaya na tsaya a bakin labule na kalla daga farko. Keken yaƙin yana girgiza in ana tura shi, da ma na sani. Dodo ya taka na farko a hankali. Na biyu ya fi shi sanyi. Sai birai suka ƙwace ganga suka fara bugawa, abin da ya biyo baya kuwa Khun Phairot ne da kansa ya ƙara shi a wasan don burge baƙi: famfuna ashirin su tashi kewaye da dandamali, ruwa ya yi ta zuba daga bututun sama, shaaa, har minti biyar. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Bai kai minti biyu ba kan Dodo ya karkace ya kalli gefe, alamar ya saki igiya. Ya sauko daga keken da baya, ya nufi labule gwiwoyi a haɗe. Birai da suka rasa abokin faɗa suka bi shi da tsalle, 'yan kallo suna tafi suna tsammanin cikin wasan ne. Kiɗa ya ci gaba a dandamalin da ba kowa, har mai kula da shi ya kashe.

Bai kai banɗaki ba, ko ya kai ma ba abin da zai yi a can. A lungun da ke tsakanin labule da ɗakin ɗinki ya tsaya cak, da kan Dodo a hannu, zaren zinariya yana yin duhu daga cinya zuwa gwiwa. Muna tsaye mu goma sha huɗu muna kallo sai muka ji ƙarar sanda. Ama ta shigo ita kaɗai. Ba ta kalli fuskarsa ba, kayan ta kalla, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "A buge yake?"

Ni ta kalla, don ni ce babba a wurin. Kalma ɗaya ce kawai zan faɗa, in ce e, kuma na san birai goma sha biyu za su gyaɗa kai. Da ya tafi da tambarin da ya buga wa ƙanena har ƙarshen rayuwarsa. Na so in faɗa, har yawuna ya tsinke. Amma in na ce a buge yake, mashaya sun zama biyu ke nan, Thawin yana nan a bakin layi da rigar acaɓa.

Na ce, "Irin buguwar Thawin ce, Ama. Ki tambaye shi, shi ya san yadda ake gane ta."

"Shayi na sha," Khun Phairot ya ce. "Shayi ne kawai da ruwa."

"Thawin kuma me ya sha?" Ama ta tambaye shi.

Chalo, babban cikin birai, ya cire kan birin da ya sa ya matso ya nuna mata leɓunansa da suka tsattsage.

"Ba abin da ya sha, Ama," ya ce. "Kamar yadda mu ma tun asuba ba mu sha ba, kuma sai shida za mu sha. In ka sha, ga abin da zai faru. In ba ka sha ba, abin da ya samu Thawin ne."

Na ce, "Takardar nas tana durowarsa, ƙarƙashin almakashina. Makullin yana aljihun wandon can da ke rataye."

Somchit ta je ta kawo takardar da almakashin. Ama ta sa tabarau ta karanta takardar sau biyu, sannan ta ninke ta ta sa a jaka.

"Phairot, ƙanen matar nan ya sha giya ranar?"

"A'a."

"Ban ji ba. Na tsufa."

"Bai sha ba, Ama."

Ta ce a soke wasan uku da na biyar, a farke kowa a ba shi ruwa. Somchit ta tambaya wane allo za a fitar. Ama ta dube su ta ce na ukun. Ni na kai shi bakin ƙofa da hannuna, kuma ranar ce kaɗai na san ya faɗi gaskiya. Da na dawo na zauna na farke Khun Phairot taki bayan taki, ban yanka ko ɗaya ba. Na ce awa ɗaya da rabi, amma sai da na ci biyu.

Ranar Alhamis ɗin da ta biyo baya Ama ta shiga mota da kanta zuwa gidan Khru Sawaeng. Khun Phairot yana biye da ita da faranti a hannu, furanni da kyandir da turaren tsinke. Ya durƙusa a gaban tsohon ya faɗi abin da ya yi, ya ja gwiwa zuwa gaban Thawin ya ɗaga farantin. Ina bakin ƙofa ina kallo. Thawin ya karɓa tun kafin mutumin ya rufe baki, abin da ya ba ni haushi har yau, don ni da sai hannunsa ya gaji. Khru Sawaeng ya kira ƙanena ya dafa kansa ya ce ranar gaida malamai ya zo da wuri, shi zai buɗe rawa. Thawin ya kifa goshi a gwiwar tsohon yana kuka, ɗan shekara arba'in da takwas.

A hanyar fita Ama ta tsayar da ni a gindin mota.

"Kin san zai faru."

"Na sani, Ama."

"Ke kika saya masa leda ta biyu."

"Ni ce."

"Shi ya cuci ƙanenki," ta ce. "Mijina me ya yi miki?"

Zaren zinariyar ya yi baƙi-baƙi inda ya jiƙe, ba wankin da zai mai da shi. An mayar da kayan akwatin gilashi an juya su ta gefen da ba a gani. Ama ba mace ce mai hayaniya ba. Ta aika wani kamfani a Bangkok ya ɗinko sabbin kaya goma sha uku masu zif a baya, ta ce ba za a sake ɗinke ɗan wani a lambunta ba. Aka mai da Somchit wajen wanki, aka mai da Khun Phairot bakin ƙofa yana yaga tikiti. Aka kira Thawin ya dawo Dodo da rawarsa gaba ɗaya. Ni aka ba ni almakashina aka ce an gode.

An ce rama cuta ga macuci ibada ce. To na yi ibadata, na kuma biya kuɗinta da aikin shekara ashirin da biyu, kuma in za a sake dawo da ranar, leda uku zan saya masa.

A watan Yuni na sayi tikiti kamar kowa na je kallon wasan ƙarfe ɗaya. Khun Phairot ne ya yaga mini, idonsa a ƙasa. Na rataya masa ledar shayi mai ƙanƙara a ƙusar rumfarsa, na ce ana zafi, ranka ya daɗe. Na zauna a layi na uku. Daga nan ina hango zif ɗin a bayan Dodo, ya tattare a ƙugu ya yi tudu a kafaɗa, aikin banza, har na ji kunya. Amma da Thawin ya taka sau uku, wata jaririya a bayana ta fashe da kuka kamar da.

Da aka tashi na zagaya ta ƙofar baya, inda na saba shiga, na tsaya daga waje don yanzu ba ni da izini. Yana zaune a kan matakala, zif a zuge har ƙugu, iska tana taɓa bayansa. Bai gan ni ba. Ya buɗe gorar ruwa babba ya ɗaga, ya yi ta sha, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, ruwan yana gangarowa ta haɓarsa, bai sauke ba sai da ta ƙare. Ya miƙa hannu ya ɗauko ta biyu.

Shekara goma sha tara ina ɗinke yaron nan da hannuna kowace safiya, ina alfahari ba wanda ya kai ni matse taki. Sai a lokacin na lura ban taɓa ganin ƙanena a cikin kayan Dodo yana shan ruwa da rana ba. Na tsaya a wurin har ya gama ta biyun, sannan na juya na tafi neman motar gida.